Anaruwa da Bindigar Yayansa

A Unguwar Marke akwai wani gida mai mutum uku: Inna Hansai, tsohuwa mai nauyin kunne, da babban ɗanta Sajan Korau, sai autanta Anaruwa. Anaruwa ya ba arba'in baya, gemunsa har ya fara furfura, amma in ka ce masa ya jira ka a gindin bishiya ka manta, a nan damina za ta same shi. Mutanen gari na ce masa wawa. Ni dai ban taɓa ganin mai riƙe magana kamarsa ba.

Sajan kuwa ya bar aikin ɗan sanda bayan wani kwanton ɓauna da ya ci abokansa huɗu. Ya dawo gida da wata 'yar bindiga fistol da ba ta fi tafin hannu ba, da takardar izinin riƙe ta, da kuma firgita. Ko kwano ne ya faɗi sai ya zabura ya kai hannu ƙugu. Abin da ke hana Inna sukuni ke nan. Tsoronta kada wata rana hannun ya riga ido, ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Wata rana Sajan yana zaure ya aiki Anaruwa ɗaki ya ɗauko masa bindigar, bayan ya cire harsasanta.

"Doka ta farko," in ji shi, "kada ka nuna bakinta ga abin da ke da rai."

Anaruwa ya fito tsakar gida da ita. Ya juya ta gabas, ga awaki. Ya juya yamma, ga Inna tana tankaɗe. Ya ɗaga sama, shirwa na shawagi. Ya mayar ƙasa, sai ga tururuwa sun yi layi da hatsi a baki. Tun hantsi yake juyi yana zufa har rana ta take. Da Sajan ya gaji da jira ya leƙo, sai ya gan shi tafe yana nishi, rungume da turmin Inna, bindigar na kife a ciki. Ran nan aka ji dariyar Sajan karo na farko tun dawowarsa.

Wata rana kuma suka tafi tsohon ramin da ake haƙar ƙasar gini don Sajan ya gwada hannunsa. Ya jera gwangwanayen madara bakwai a jikin gaɓa.

"Toshe kunnenka da yatsu. Kada ka cire sai ka ji na ce ka cire."

Anaruwa ya toshe, iya ƙarfinsa. Ya ga kwanson harsashi na tsalle ɗaya bayan ɗaya, ya ga gwangwanaye bakwai suna nan tsaye ƙyam. Sajan ya juyo ya ce ya cire. Ina zai ji? Ya yi tsawa, ya yi nuni, ya ja gwiwar hannunsa, Anaruwa sai murmushi, don an ce sai ya ji. Haka suka ratsa kasuwa suka dawo gida. Da yamma Inna ta zaunar da shi tana ba shi tuwo a baki tana mita, har gyangyaɗi ya kwashe shi yatsun suka zame da kansu.

Wata rana Sajan yana goge bindigar da mai, Anaruwa na riƙe masa tsumma, ya nuna masa yadda ake zare gidan harsashi, a ja saman bindigar baya a fitar da na ciki.

"Doka ta biyu: in an ajiye ta, ita daban, harsashi daban. A yi musu nisa da juna."

Ba a yi wata guda ba aka fara raɗe-raɗin masu satar mutane sun shigo dajin yamma. Sajan ya daina zama a zaure, abinci ma sai ya tsakura. Ya ɗura bindigar ya tura ta ƙarƙashin matashi, bai gaya wa kowa ba.

Wata rana Anaruwa yana kakkaɓe masa shimfiɗa sai ya gan ta, da nauyinta. Tausayi ya kama shi: Yaya ya manta da doka. Ya zare harsasan tas, ya mayar da ita inda take, ya ƙulle su a hularsa, ya fita neman nisa. Ya kai rijiya, ya waiwaya, ga rufin gidansu. Ya kai makabarta, ga hasumiyar masallaci. Sai da ya haye dutsen da ke bayan fadama ya daina hango komai, sannan ya cusa ƙullin a kogon wata kuka ya juyo, kansa ba hula.

Da la'asar ya iso ta bayan gida. Sajan na tsaye a bakin danga, bindiga a hannu biyu, ya auna gonar dawa inda karare ke motsi.

"Wane ne a nan? Yi magana!"

Sau uku yana tambaya, shiru, motsin sai ƙara matsowa yake. Ya ja kunama. Bindiga ta ce ƙas, ba ta tashi ba. Kararen suka buɗe, Inna ta fito da yakuwa cike da haɓar zane, tana jan akuyarta da ta tsinke.

Sajan ya sauke bindigar. Ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Inna, da ba ta ji komai ba, ta dube shi ta ce, "Kai kuma lafiya, ƙato da kai kana zaman ƙasa? Auta, karɓi akuyar nan."

Anaruwa bai karɓa ba. Ya durƙusa kusa da yayansa ya rage murya, don kada ya kunyata shi gaban Inna.

"Yaya, ka nuna bakinta ga abin da ke da rai."

"Na nuna, Auta. Ina harsasan?"

"Na yi musu nisa. In ɗauko?"

"Bar su can."

Anaruwa ya tashi ya shiga gida, ya dawo rungume da turmi, ya dire shi a gabansa. Sajan ya kife bindigar a ciki da hannunsa, sannan ya rarrafa ya kama ƙafar Inna ya riƙe, ita kuma tana ta faɗa za a zubar mata da yakuwa.