Ranar da Na Wanke Motar Tsere a Lyon

Ba zan taɓa mantawa ba da motar nan mai ruwan bula, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

A hannun kawuna Alhaji Mutari na taso, mai tura tsofaffin motoci daga Bobigny, kusa da Paris, zuwa Maraɗi. Dokarsa ɗaya ce: mota ba ta ganin baƙo da ƙura a jikinta. Da wannan tarbiyya na sami aikin gwaji a Paris wurin Madam Odil, wadda ke farautar tsofaffin motocin tsere, ta tabbatar na asali ne kafin a sayar ko a kai gidan tarihi. Ta ce in na yi abin kirki za ta riƙe ni. (Ni kuwa har na fara gwada sa hannun ƙwararru a bayan tikitin jirgi.)

Wata rana ta ce in riga ta zuwa Lyon, gidan wata tsohuwa da mijinta, direban tsere, ya rasu ya bar mota a rumfar bayan gida. Tsohuwar ta buɗe mini, ta koma ciki. Haske na zubowa ta hudojin kwano, ƙura na yawo a cikinsa a hankali, ga ƙanshin tsohon mai da fata. Na shiga motar na kama sitiyari. Nan take rumfar ta ɓace: ga ni a kan hanyar Damagaram, iska na kaɗa mini riga, mutanen unguwa sun jeru suna ɗaga hannu, har da malamin da ya ce ba zan zama komai ba. Ban san tsawon lokacin da na yi ina tuƙa motar da ba ta motsa ba.

Da na dawo hayyacina sai kunya ta kama ni. Manyan mutane su zo su tarar da motar haka cikin ƙura? Na samo bokiti da soso, na wanke ta tas, har da wani zanen alli a cikin murfin inji da na ɗauka wasan jikoki ne. Ya ɗan yi gardama, amma na fi shi naci.

Madam Odil ta iso, ta yi turus a bakin ƙofa. Ni na ja gefe ina jiran yabo. Ta zaro wani tsohon hoto: direban ne a ranar tserensa na ƙarshe, yana rubutu da alli a cikin murfin nan.

"Wannan rubutun shi ne shaidar cewa ita ce motarsa ta asali," in ji ta. Ta ɗaga murfin. "Ina yake?"

Na kalli bokitin. Ita ma ta kalli bokitin.

Tsohuwar ta matso, ta shafa jikin motar, ta ce a hankali, "Haka take ranar da ya kawo ta gida." Har na fara samun numfashi, sai ta leƙa murfin. "Rubutun hannunsa ke nan da ya rage mini." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Madam ba ta riƙe ni ba. A jirgin komawa na kira Kawu.

"Kawu, na wanke wa mutane tarihinsu."

"Amma dai mato ta yi walƙiya?"

"Ta yi."

"Bon, alhamdu lillahi. Komo gida, akwai masu jiran soso."

Har yau ina wurinsa, kuma babu mai wanki kamata a Bobigny. Sai dai yanzu, kafin in taɓa ƙura, sai na tambaya ko ta wani ce.