Ragon Suna a But ɗin Injiniya Jaji

"Ni fa duk ƙasar Katagum babu ƙarfen da zai gagare ni! Kawo min mataccen jirgin sama da safe, kafin la'asar ka ga ya tashi."

Jaji ke nan, abokina, Injiniya Jaji na Azare. Kada ka tambaye ni makarantar da ta ba shi injiniyan, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya mayar wa wani keke sarƙa. Sana'arsa ta gaskiya sayar da baƙin mai a galan, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa Turawa ƙera mota.

To, sai Allah ya hore masa wata mota 'yar Kwatano, baƙa wuluk, irin wadda but ɗinta ba shi da ramin makulli ko na magani. Rimot kawai za a danna, ya ɗaga da kansa. Mutanen Azare suka shiga uku! Ko goro Jaji zai saya, sai ya buɗe but.

Ana nan sai Sadiya, matar ƙaninsa Umara, ta haifi ɗan fari a garin Katagum. Umara ya zo kasuwar Azare ya sayi ragon suna, fari tas, amma maci na bugawa a jarida: duk abin da bakinsa ya kai sai ya tauna. Zai sa shi a motar haya, Jaji ya daka tsalle.

"Ragon gidanmu a motar haya, ina raye? Bar shi nan. Ranar suna zai iso a mutunce."

Ranar suna da sassafe sai ga Injiniya ya faka a ƙofar gida, rago ɗaure a but. Yanzu ka saurara da kyau. Tun zamanin tsohuwar akwalar motarsa mai makulli, Jaji yana da wata dabara da yake kira maganin ɓarayi: duk inda ya tsaya sai ya kwance batir ya kulle shi a but. Haka ya yi. Ya danna rimot, but ya buɗe, ya kwanto batir daga gaba ya ajiye kusa da rago. Umara ya miƙa hannu.

"Hamma, bari in sauke shi."

"Tsaya, sarkin gaggawa! Surukanka na garin Yana ba su gama taruwa ba. Bari su cika, in tsaya daga nesa in danna, su koma Yana da labari."

Garam! Ya rufe.

Tabarmi suka cika, aka raba goro da dabino, Liman Sha'aban ya zaro wuƙa ya ce a kawo rago. Jaji ya gyara babbar riga, ya karkata hular zanna, ya ja da baya.

"Jama'a, kowa ya buɗe ido!"

Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Daga cikin but aka amsa masa: "Meee!"

"Hamma," in ji Umara ƙasa-ƙasa, "batirin fa yana ciki."

"Kai dai baƙauye ne! Rimot ai da nasa batirin."

Ya ɗaga shi sama, ya kanga shi a haɓa, ya goga shi a riga, har tofa masa addu'a ya yi. But ko gezau.

Liman ya dubi rana. "Injiniya, ina da wani sunan a gaba. Kuma zafi na ƙaruwa. In ragon nan ya mutu a ciki, mushe ne, babu mai ci."

Umara ya shiga zagaya motar yana neman ta inda za a buɗe. Surukai kuwa sai kallon juna suke suna tauna goro a hankali. Daga zaure aka ji muryar Hajiya Larai, mahaifiyarsu, wadda ba ta kama sunan Jaji don ɗan fari ne: "Ku gaya wa wancan ya fito min da ragon jikana!"

"Ƙaramin aiki!" in ji Jaji. Ya sa aka kwanto batirin babur ɗin Gali ɗan acaɓa, ya buɗe gaban mota ya kama wayoyi.

"Ba a duba ja da baƙi ne?" Umara ya tambaya.

"Wannan kwalliyar Turawa ce. Wuta ta san launi?"

Tas! Tartsatsi ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, ƙauri ya cika unguwa. Fis ɗin motar ya ƙone, gefe guda na gemun Injiniya ya bi shi. Gali ya rungume batirinsa ya yi gaba yana Allah ya isa.

"Da ma gwaji na yi," in ji Jaji. "Yanzu za a ga ainihin aikin."

Ya shiga kujerar baya, ya janyo matashin tsakiya, ya gano wata 'yar taga mai leƙa but. Ya cusa kai ciki yana cewa ga shi nan ya hango kwaɗon da ke kulle but ɗin. Ko me ya hango dai, ba kwaɗo ba ne. Ragon ya riga ya cinye igiyar ƙafarsa, yana neman na ƙari, sai ga hular zanna har gida. Caraf! Jaji ya fito da baya, sanƙo na ƙyalli, jama'a suna jin ana taunar hularsa a ciki, ƙurus-ƙurus. Wani tsoho daga Yana ya yi dariya har goro ya shaƙe shi.

Can sai taunar ta tsaya. Umara ya buga but, shiru. Ya kara kunne, shiru. Dariya ta ɗauke ɗif. Wallahi ni kaina da nake ba ka labarin, a nan na tausaya wa Umara. Idonsa ya kawo ruwa.

"Hamma, ka kashe min rago. Da wane baki zan gaya wa Sadiya?"

"Kawo ƙarfen taya in ɓalle shi!"

"Yana ina?"

Jaji ya sosa sanƙo. Ƙarfen taya ma yana but.

Aka aro masa gatari. Ya durƙusa, ya ɗora haɓa a bakin but, yana lumshe ido ɗaya. "Kowa ya yi shiru! Ina neman jijiyar kwaɗon. Wannan sai mu manya..."

Ƙas! But ya yi tsalle ya buɗe, ya daki haɓar manya. Injiniya ya tafi da baya, ƙafafu sama, ya sauka tsamo-tsamo a kwatamin da mata suka zubar da ruwan wankin tukwane. Rago ya yi fitar burgu, ya dira a tumbinsa, da wata 'yar igiya mai mariƙi tana lilo a bakinsa. Ashe masu ƙera motar sun sa ta a ciki ne don wanda aka kulle ya ja ya fita. Shirun da aka ji kuwa, baki ne a cike.

Daga cikin kwatami Jaji ya ɗaga yatsa. "Kun gani? Ba na ce zai buɗe ba?"

Babu wanda ya kula shi. Aka kama rago, Liman ya yi bismilla ya yanka, sanƙira ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Izzuddeen. Guɗa ta kaure a cikin gida, Umara yana dariya yana share hawaye da hannun riga.

Da aka zo rabon nama, Jaji ya dawo cikin aron riga, ya zauna a gaba yana bayyana wa surukai yadda girgizar gatarinsa ta sassauta kwaɗon. Sai Hajiya Larai ta yafito sanƙira zaure ta yi masa raɗa. Shi kuwa bai iya ƙaramar murya ba. Ya fito riƙe da kan ragon ta ƙaho, ya tsaya tsakiyar taro.

"Jama'a, saƙon Hajiya! Ta ce kan ragon nan kada a ba kowa, a dafa wa wancan shi kaɗai ya cinye har ƙwaƙwalwa, ko Allah zai sa ya samu rabin abin da ke ciki!"