Yadda Za Ka Zama Likitan Ɗakinku a Doha da Kafso Ja-da-Yalo

Ɗan'uwa, ba ni minti biyar in mayar da kai likita, ba jami'a, ba jarrabawa. Ni Gado, direban bas ne a Al Wukair, nan gefen Doha, amma duk mutum shidan ɗakinmu Dakta suke ce mini. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai ma har gaishe ka za a riƙa yi da hannu biyu.

1. Taho da kayan aiki daga gida

A nan Ƙatar, in ka shiga kemis neman tetrasaikilin, kafson nan ja-da-yalo, sai su ce ina takardar likita. Ji raini. Don haka ka cusa kwali biyu cikin safa tun daga Kano. In korona ta tsare ka shekara biyu har kwanan watan jikin kwalin ya wuce, kankare shi da farce. Magani ai ba nono ba ne da zai yi tsami.

2. Jira marar lafiya

Nawa Ɗalhatu ne, mai gadi a filin ƙwallo. Ana saura mako biyu a fara Gasar Kofin Duniya aka raba musu sabon takalmi, ya ci masa babban yatsa, ciwo ya ƙi warkewa. Yana tsoron in ya je asibiti a cire shi daga aikin gasar. Ya ce mini, "Dakta, ƙafar nan ce abincina, da ita nake tsayuwa." Kai dai gyaɗa kai. Kada ka tambaye shi abin da ya sa yake yawan ƙishirwa da fitsari. Tambaya ta ɗalibai ce.

3. Fasa kafso

Yadda aka saba a gida: ka buɗe, ka zazzage garin cikin ciwon, a mayar da safa. Biyu kuma ya haɗiye da shayin karak mai kaurin madara.

4. Yi maganin masu iyayi

Ba a rasa su. Namu Mumin ne, ɗan Zangon Kumasi mai jera kaya a wani kemis a unguwar Old Airport. Zai ce madara tana riƙe maganin a ciki, ta hana shi shiga jini. Zai ce daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ake samo shi, a raine ta a manyan tankuna, kuma in ya tsufa yana iya taɓa ƙoda. Ka ce masa abin da ya fito daga ƙasa ai na gargajiya ne, kakanninmu sun riga Bature saninsa. In ya ce, "Yaya Gado, ƙafar nan wari take, yalla, maza mu kai shi asibiti," ka ce cutar ce take fita. Khalas, in ji Larabawa, magana ta ƙare.

5. Ninka

Yatsa ya yi baƙi? Bushewa yake. Ƙara kafso.

6. Je dubiya da lemo

Kwana biyar da fara gasa Ɗalhatu ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar shiga. A asibiti aka ce ciwon sukari gare shi, aka yanke yatsu biyu. A nan ake gane ƙwararre: ka tsaya daga gefe, ka riƙe ledar lemo da kyau. Likitar ta tambaye shi a gabana wane ne ya ba shi abin da ya barbaɗa. Ya dubi silin ya ce shi ya yi wa kansa.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan wani abu ya biyo baya, shi ya jiyo, ba ruwana. Ba ni na ɗinka takalmin ba, ba ni na riƙe wuƙar ba, kuma mai ƙafar da bakinsa ya wanke ni. Gobe za a sallamo shi. Ya ce ni yake so in riƙa wanke masa ciwon, wai hannuna yana da albarka. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.