Kafet Ɗina Na Turkiyya

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da matan zumuntar cocinmu suka yi taro a falona a Narayi, wata huɗu da aurena. Ko yau na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A waccan shekarar kafet mai baƙi da fari ake yayi. Maƙwabciyata Maman Joy ta shimfiɗa nata, ni kuwa hankalina ya tashi (Allah ya yafe mini, a lokacin ko tsintsiya ta saya sai in ga tawa ta tsufa). Na je kasuwar Sabon Tasha, wani Alhaji mai kafet ya warware mini kusan goma. Ya ce, "Madam, ki dai yi tunani. Fari ba ya ɓoye manja, baƙi ba ya ɓoye ƙura, aiki biyu za ki saya." Ban saurare shi ba. Sai dai wanda idona ya so aljihuna ya ƙi, na dawo gida hannu rabbana.

Bayan kwana biyu ina gyara tsohuwar akwatin maigidana Bitrus, sai ga wani abu a can ƙasa: saƙar hannu mai kauri, layin baƙi, layin fari. Ban tambayi kowa ba na shimfiɗa shi a tsakiyar falo. Da Bitrus ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Ya yi kyau." Ya shige ɗaki yana tari. (Ashe dariya ce.)

Kula kuwa ba a magana. Kowace safiya in kakkaɓe shi a waje. Ranar Asabar in wanke da ruwan sanyi da sabulu, in shanya a inuwa kada rana ta cinye baƙin. Takalmi a bakin ƙofa, miya a kicin, wannan ce dokar gidana.

Ranar taron falo ya cika. Maman Joy ta shafa shi da tafin ƙafa ta ce, "Sista, ina kika samo wannan? Ba irin na kasuwa ba ne fa." Da na ce a akwati na gani, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Daga Turkiyya aka kawo mini. Shi kaɗai ya shigo ƙasar nan."

Ana cikin "kai!" da "lallai!" sai muka ji "gafaranku dai". Surukata ce, Mama Ladi, ta iso daga Zonkwa da ƙullin acca da citta. Na karɓi kaya, na durƙusa na gaishe ta, sannan da wannan bakin nawa na ce, "Mama, a taimaka a cire takalmi, saboda kafet."

Ta cire. Ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai ta sunkuya, ta juya gefe ɗaya, ga wani faci da jan zare wanda kullum nake ɓoyewa ƙarƙashin kujera.

"Ikon Allah! Lurun Bitrus! Ashe yana nan? Bargon da kakarsa ta saya masa wajen masaƙi! Wannan facin ni na yi, ɓera ya ci wurin. A kansa ya yi ta fitsarin kwance har ya shiga aji uku. 'Yata, kin dai wanke ko?"

Maman Joy ta janye ƙafarta a hankali ta ce, "Ashe Turkiyya kusa da Zonkwa take." Dariyar da ta ɓarke, na tabbata har bakin titi an ji. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Da mata suka watse na sami Mama a kicin, hawaye fal idona, ina jiran faɗa. Ta ce, "Share hawayenki. Tun da aka saƙa shi ban taɓa ganin ya yi haske haka ba. Wadda ta riƙe tsumman ɗana haka, za ta riƙe ɗana."

Mama ta rasu shekara shida ke nan, kuma ina kewarta ƙwarai. Lurun yana kan gadon ɗana Ayuba, wanda ya ɗora daga inda ubansa ya tsaya. A coci har gobe Madam Turkiyya ake kirana, ina kuma amsawa. Abin da na koya dai, kafin ka ba kaya fasfo, juya bayansa ka duba ko akwai facin surukarka.