Ranar da Na Ce "Tabbas"

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya furta "tabbas" ba. Ni mace ce mai "wataƙila". Ko gishiri aka tambaye ni ya ji a miya, sai in ce "ina jin dai". Maigidana yakan ce, "Ke ko sunanki aka tambaya sai kin ce Allah ne masani."

Da bikin 'yar yayarsa ya matso, uwar amarya, Yaya Hajara, ta ba ni ƙyallen atamfar ankon danginmu a gidanta na Samaru, ta ce in raka matan dangi Sabon Gari mu sayo. Ƙyallen kuwa a kan firij na manto shi.

A shagon Maman Chidi aka baje mana atamfa biyu, duk kore, zane iri ɗaya, ɗaya dai ta fi duhu. Mata suka yi ta musu, ƙafafuna sun kumbura, ga la'asar na neman kuɓuce mini. Maman Chidi ta ce, "Hajiya, kira mai biki mana, waya ba ta cizo." Ni kuwa, don dai a tashi, na ɗora yatsa kan mai duhun na ce, "Wannan ce. Tabbas, ko shakka babu."

Wata ta ce, "In dai baiwar Allahn nan ta ce tabbas, magana ta ƙare." (Ashe shekarun da na yi ina "wataƙila" su suka ba kalmar nauyi.)

Ranar biki a Hanwa muka shiga a jere, ɗinki ya zauna. Sai ga dangin ango kaf cikin atamfarmu. Ashe mai duhun tasu ce, mai hasken tamu. Mai rabon abinci ta zaunar da mu cikinsu. Can gefe Yaya Hajara ita kaɗai cikin kore mai haske, kamar baƙuwa a bikin 'yarta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, har ke kin koma wajen ango?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta yafe, amma har yau yaran gidan Anti Tabbas suke kirana. Kalmar nan ƙofar tambaya take rufewa, ni kuma gajiya ce ta sa na rufe ta, ba sani ba. Yanzu na bar wa mutuwa da hisabi ita. Atamfar kuwa ita nake sawa in zan tuƙa tuwo. Ko ta koɗe? Ina jin dai.