Ranka Ya Daɗe Yana Sama

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, a zaune nake wannan rubutu ƙafafuna cikin ruwan ɗumi. Kalma ɗaya ce ta ja mini.

Ni mai facin taya ne. Makon jiya aka shafa wa rumfata jan fenti, aka ce ranar Alhamis za a rushe duk wadda ba ta da takardar izini. Tawa takardar a cike take, sa hannun shugaban hukumar, Ranka Ya Daɗe, kawai ya rage. Ofishinsa kuwa, daga rumfata ko gumi ba za ka yi ba ka isa.

Litinin na sa rigata ta fita kunya na je. Na rusuna wa sakatariya na ce, "Hajiya, mai gidan na nan?"

Ko ɗagowa daga wayarta ba ta yi ba. "Yana sama."

Na yi godiya na kama matakala, hawa huɗu. Na tarar da ƙofa a kulle, na zauna a bakinta har aka tashi. Talata ma, "Yana sama." Na sake hawa. Har yaba masa na yi a raina, na ce bawan Allahn nan akwai aiki, ko banɗaki ba ya fitowa.

Ranar Laraba wani dattijon masinja ya same ni a wurin. "Kai ɗan nan, gadi aka ɗauke ka?"

"A'a Baba, an ce mini yana sama."

Sai da ya dafa bango don dariya. "Saman Allah ake nufi, ɗana! Tun Litinin daga wannan jirgi sai wancan. Taro ya tafi, kan yadda za a kusanto da hukuma ga talaka."

Ya faɗi sunan birnin, na riƙe shi a baki kamar ruwan zafi har na kai wa maƙwabcina mai gyaran waya. Ya latsa, ya latsa.

"Kilomita dubu goma sha ɗaya daga nan. Awa goma sha biyar kana rataye a jirgi."

"A babur fa?"

"Kai dai ba ka da kai. Akwai teku."

Na koma na roƙi Baba masinja ko mataimaki zai sa hannu. Ya ce mataimakin yana cikin tawagar mutum goma sha biyu da suka raka shi. Mai hatimi fa? Shi ma, har da hatimin a aljihunsa.

To madalla. Wa ya kai mu sa'ar shugabanni? Mutum ya ƙetare teku da mutum goma sha biyu don ya koyi yadda zai matso kusa da ni, alhali ina zaune a bakin ƙofarsa. Da ya tambaye ni, kyauta zan koya masa: a buɗe ƙofa, shi ke nan.

Alhamis ƙarfe takwas daidai katafila ta iso. A duk ma'aikatansu ita kaɗai na sani da cika alkawari. Na samu na janye injin iska da bahon ruwa, saura ta haɗa da ƙasa.

Shekaranjiya Ranka Ya Daɗe ya dawo, ya yi fari ya yi kumatu, ya sa mini hannu nan take, har da murmushi. Ya ce in ci gaba da sana'a lafiya.

Na sa takardar a leda na buga ta da ƙusa a jikin bishiyar da nake fakewa yanzu. In tayarku ta sace, ku zo kanku tsaye. Duk layin nan ita kaɗai ce bishiya mai izini.