Rasuwar 'Yar Tafinta a Bahon Wanka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, matar Direba ta saman bene take sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'Yar Tafinta, ƙaramar na'urar fassara Sifaniyanci zuwa Turanci, wadda ta cika ranar Talata da hantsi.

Marigayiyar ta shigo gidan ne bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigida, wato Direba. Ciwon ya share masa Turancin da suka yi soyayya da shi, suka yi faɗa da shi, ya bar masa harshen mahaifiyarsa kaɗai, wato Sifaniyanci, wanda matar ba ta jin ko zo in kashe ka a cikinsa. An gwada manyan wayoyi, duk sun kasa gane harshensa da ya karye. Marigayiyar kaɗai ke gane shi.

Mai haƙuri ce. In ya ce agua, sai ta yi ƙit, ta ce ruwa. In ya ce me duele, ta sanar yana jin ciwo. Mutum ma tara yake bai cika goma ba, balle na'ura: mañana safiya ce, kuma gobe ce, ita kuwa kullum gobe take zaɓa, har aka sha ɗage wa bawan Allah shayinsa. An yafe mata. Ita ce ta tona cewa te quiero da yake faɗa in ana gyara masa matashi, ba ƙarin matashi yake nema ba, so ne. A ranar, matar ta shige kicin ta sha kuka.

Ranar ajali, ana goge masa jiki, Direba ya riƙe hannun matarsa ya faɗi wata doguwar magana da bai taɓa faɗa ba. Ta wawuro marigayiyar da hannu duk sabulu, ta suɓuce ta faɗa baho. An yi jinyarta cikin ɗanyar shinkafa ko za ta tsotse ruwan, mai gyara ma ya duba, ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar caja, da igiyar wuya, da mata da miji suna kallon juna.

Za a sa ta a makwancinta, durowar gefen gado, yau da yamma. Ba a buƙatar a kawo komai. Sai dai duk mai zuwa ta'aziyya da ke jin Sifaniyanci, don Allah ya hanzarta. Direba yana ta maimaita maganar nan, kullum kuwa muryarsa ƙara yin ƙasa take.